Nasiru Mai Neman Sabis a Kan Duwatsu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, kuma har yau idan hantsin Asabar ya yi sai in ga na jawo waya kusa da ni, alhali ba wanda nake jira. 'Ya'yana suna Kano da Kaduna, kiransu na ranar Juma'a ne, shi ma a gurguje. Ni ce babba a gidanmu, shi ne auta. Ni na goye shi, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa ni zan zauna in rubuta waiwaye a kansa ba.

Mutanen Kazaure sun san shi a ofishin wani kamfanin waya, a teburin karɓar ƙorafi. Aiki ne na shan zagi kan laifin da ba kai ka yi ba. Wanda aka rufe wa layi, wanda katinsa ya ƙi shiga, wanda wayar ce ma ta lalace amma ya rantse kamfani ne, duk a kansa ake sauke fushi. Na taɓa zama a ofishin ina jiransa, ban jima ba na ji bakina yana ƙaiƙayi in rama masa, don ni ce na gaji zafin ran mahaifinmu. Shi kuwa sai ya miƙa wa mutum kujera, ya tambaye shi daga ina, ya aka baro gida, ya damina. Kafin a gama amsa gaisuwa rabin faɗan ya zube.

Ƙorafi ɗaya ne yake hana shi sakewa, na mutanen ƙauyukan Roni da Gwiwa da ke bayan duwatsu. Sun sayi waya, sun sayi layi, amma ba sabis. Amsar da aka koya masa ya bayar ita ce ana aiki a kai, kuma ya tsani maganar nan. To, dama tun yana yaro mahayin dutse ne, ba tsaunin da ke kewaye da Kazaure da bai yaga wando a kansa ba. Sai ya haɗa aikin da jarabar. Ranar Asabar ya ɗaure gorar ruwa da gwangwanin farin fenti a bayan babur, ya nufi ƙauyen wanda ya kawo kuka. Ya hau dutsen garin yana ɗaga waya, daga wannan falalen dutse zuwa wancan, har ya dace da inda sabis ke kamawa. Nan zai zana farin da'ira, ya sauko ya gaya wa mai unguwa cewa duk mai son kira ya je ya tsaya a ciki. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya gode masa a ofis.

Gwajin kuwa a kaina yake yi. Ina tsakar gida waya za ta yi ƙara.

"Yaya, kina ji na?"

"Ina jin ka, kai da iskarka. Yau kuma ina aka hau?"

Daga nan sai ya shiga ba ni labarin abin da yake gani: shaho yana shawagi a ƙasa da shi, shanun Fulani sun zama ƙanana kamar awaki, gero ya rufe fili har inda ido ya tsaya. Ban taɓa taka ko ɗaya daga cikin duwatsun nan ba, amma na san su da kunne. Ina sauraro ina yi masa faɗa, wai magidanci guda mai aikin ofis ya mai da kansa bunsuru. Na sakankance dutse ne zai zama ajalinsa. Ashe zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, a kan gadon asibiti.

Yanzu abubuwa sun sauya. Matarsa ta yi aure a Katsina ta tafi da yaran, Allah ya ba su zaman lafiya. Idan layinka ya samu matsala, na'ura ce za ta ce ka danna ɗaya, ka danna biyu, ba ta tambayar ka ya aka baro gida. Ƙauyukan nan kuma an kafa musu turakun sabis, mutum yana kwance a ɗakinsa yake kira. Nakan tambayi kaina me Nasiru zai ce. Na san zai yi murna da turakun, don abin da ya yi ta roƙo ke nan. Na kuma san da ya nemo wani dalilin hawa, don ni ban taɓa yarda sabis kaɗai yake nema a can sama ba.

Da kakar bana Bitrus, abokin aikinsa da suke hawan tare, ya zo yi mini sallama zai koma garinsu. Cikin hira ya ce masu fasa dutse sun kama aiki a wani ƙauyen Roni, inda Nasiru ya yi zanensa na farko. Bayan ya fita sai tsoro ya kama ni. Bitrus ya tafi, zanen zai tafi, sai ya rage ni kaɗai ce na san an taɓa yin mutumin nan da abin da ya yi. Na ce ko da rarrafe sai na ga da'irar da idona. Na hau mota zuwa Roni, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Na makara. Gefen dutsen da ke da fentin ya riga ya zama tsakuwa, tifa ta kwashe. Leburorin ba su ma san abin da nake tambaya ba, ban kuma ga laifinsu ba, abinci suke nema. Na zauna a gindin wata ɗorawa inda wata tsohuwa, Inna Tabawa, take sayar musu da ɗanwake. Ta ba ni ruwa, ta tambayi abin da ya kawo ni. Ina ambatar farin fenti ta saki murmushi.

"Au, ɗan Kazaure mai waya? Ai shi ya riƙe hannuna ya hau da ni, na ji muryar ɗana da ke Ikko. Ya kira mini shi, ya koma can nesa ya juya baya, don kada in ji kunyar kuka. Ke yayarsa ce? An ce an ƙara masa girma an mai da shi Abuja. Yanzu dai na san ya yi ƙiba. Ki ce masa Tabawa tana fushi, ko leƙe."

Ban san yadda na haɗa kalmomin ba, amma na gaya mata. Ta ajiye ludayi, ta yi salati, ta bar tukunyar a nan ta ja hannuna zuwa cikin gari. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta. Mata suka yi ta shigowa, mai unguwa da liman suka tsaya a zaure aka yi addu'a. Kowace ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" kamar jiya aka kai shi. A Kazaure tun bayan sadakar arba'in ba wanda ya sake yi mini tambayar nan. Na yi kukan da na daɗe ina yi ni kaɗai, wannan karon da masu taya ni.

Fenti ya tafi, teburin ƙorafi ya tafi. Abin da na tarar ya saura na Nasiru shi ne mutanen da suke jin haushin bai zo ba, kuma ban san gadon da ya fi wannan ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

A hanyar dawowa na yi ta kallon duwatsu ta tagar mota. Akwai ƙauyuka ta wajen Gwiwa, akwai wasu ta hanyar Babura, waɗanda labarin bai kai musu ba. Haƙƙinsa ne in je in faɗa, don su yi masa addu'a, kuma kullum ina cewa sai Asabar mai zuwa. Nakan ce ƙafafuna ne ke hana ni, amma ba su kaɗai ba ne. Duk garin da ban je ba, Nasiru yana nan da ransa, yana Abuja, ya yi ƙiba.