Lambar Wayar Tanimu

Gari bai gama wayewa ba, Lawwali mai gyaran waya yana tsaye kan benci yana kankare kashin tattabaru daga faifan sola da ke rufin shagonsa a bakin kasuwar Ƙanƙara. Da wannan yake farawa kullum bayan sallar asuba, don in faifan bai sha rana ba batir ba ya cika, wuni ya tafi a banza ke nan.

Shekararsa arba'in da bakwai, ashirin daga ciki a kan teburin gyara ya yi su. A Funtuwa ya koyi aikin, zamanin wayoyin nan masu dogon eriya da ba a sa musu sim, sai an aika wa kamfani lambar jikinsu kafin a buɗe layi. Kamfanonin duk sun mutu. Abin da ya tsira da shi shi ne ciwon baya, da idon da ba ya ganin ƙaramin rubutu sai da tabarau, da wani tsohon littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa ƙarƙashin tire. Ba ya son dogon bayani. In ka kawo waya ka fara labarin yadda ta faɗa rijiya, hannu kawai zai miƙo ya ce, "Kawo."

Yana kan bencin nan ɗan acaɓa ya sauke wata mata. Baraka ce, matar Tanimu, wani manomi daga ƙauyukan Pauwa da ke kawo masa caji ranar kasuwa.

"Malam Lawwali, sun riƙe maigidana tun jiya," in ji ta, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

Ya sauko. Tun da aka shiga tashin hankali a yankin, 'yan sintirin ƙauyensu suka kafa doka: duk wanda ya sayi waya 'yar hannu, mai sayarwa ya rubuta masa takarda da lambar jikin wayar. Tanimu ya sayi tasa a kasuwar Sheme, takardarsa na aljihu. Jiya aka tare shi, aka duba, aka ce lambar takarda daban, ta waya daban. Yanzu ana cewa wayar sata ce, wasu har sun fara cewa da ita yake kai wa mutanen daji rahoto. In la'asar ta yi za a wuce da shi gaba.

"Lambar takardar akwai haruffa a ciki?" Lawwali ya tambaye ta.

"Sun ce akwai. Ni ban iya karatu ba."

Lawwali ya yi tsaki. Ya ɗauko littafin mai baƙin bango, ya rufe shagon da bai gama buɗewa ba, ranar kasuwa guda. Ya tayar da babur ɗinsa, ita kuma ta bi ɗan acaɓanta.

Sun tarar da Tanimu zaune a ƙasa cikin wata rumfar kwano, ba hula, leɓensa ya kumbura. Shugaban 'yan sintirin, Alhaji Gide, na kan kujerar roba, bindigar toka jingine da gwiwarsa. Gefensa sakatarensu ne, Uwais, mai difloma, biro biyu a aljihun gaba.

"A'a, injiniya da kanshi," in ji Alhaji Gide. "Lauya suka ɗauko?"

"Alhaji barka da hantsi. A ba ni takardar in gani."

Uwais ya miƙo ta da yatsa biyu. An rubuta A100004900B7C5. Lawwali ya gane abin tun kafin ya gama karantawa. Irin wayoyin nan ne da ake kawowa daga ƙasar waje, lambarsu ɗaya ce amma ana rubuta ta iri biyu. Ɗaya da lissafinmu na goma-goma, ɗayar da lissafin sha shida-sha shida, inda A ke tsaye a madadin goma, B sha ɗaya, C sha biyu, har zuwa F. Mai sayarwa ya kwafo mai haruffan daga kwali, wayar kuma mai lambobi zalla take nunawa.

Ya fara faɗin haka, Uwais ya katse shi.

"Malam, mun san wannan. Ba jahilai ba ne mu. Na juya ta da kalkuletar wayata, har sau uku. Lamba sha bakwai ta ba ni, ta wayar sha takwas ce, kuma ko farkonsu bai yi kama ba."

"Duka ka zuba ta lokaci guda?"

"To da mi zan yi, in gutsura ta?"

"Gutsura ta ake yi. Takwas gefe, shida gefe."

Waɗanda ke tsaye bakin rumfar suka kwashe da dariya. Wani ya ce ashe lamba ma tsire ce. Uwais ya ce shi a makaranta ba a koya masa yanka lamba biyu ba, kuma duk mai son kuɓutar da ɓarawo zai iya yanka ta inda ya ga dama har ta fito daidai.

Kan Lawwali ya ɗau zafi. Ya san in ya tsaya gardama da mai biro biyu, la'asar za ta same su a nan. Ya juya wajen shugaban.

"Alhaji, na taɓa wayar nan yau?"

"Ba ka taɓa ba."

"Na ga lambarta?"

"Tana aljihuna."

"To ta zauna can. Zan rubuta abin da ke cikinta. In lamba ɗaya ta kuskure, ku haɗa da ni ku wuce da mu."

Lawwali ya zauna ƙasa kusa da Tanimu, ya sa tabarau, ya buɗe littafin a shafin da ya jera ninkin sha shida tun yana yaron shago a Funtuwa. Ya kwafi lambar takardar, ya ja layi bayan gurbi na takwas. Ya fara da gutsuren farko, yana ninkawa yana tarawa, biron na ƙin kawowa saboda gumin hannunsa. Ya sami 2701131849. Sai na biyu: sha ɗaya sau dubu huɗu da casa'in da shida, bakwai sau ɗari biyu da hamsin da shida, sha biyu sau sha shida, a ƙara biyar. Ya ba shi 47045.

Uwais da ke leƙe ta kafaɗarsa ya ce, "Sha biyar ke nan. Saura uku, injiniya. Ko a gida ka baro su?"

Lawwali bai ɗago ba. Gutsure na biyu gurbi takwas gare shi, in bai cika ba da sifili ake cikewa daga gaba. Ya rubuta sifili uku, ya haɗe lambar wuri ɗaya, ya yage shafin ya miƙa wa Alhaji Gide.

Alhaji ya zaro wayar, ya ce Uwais ya karanta ta waya da ƙarfi, shi yana bin takarda da farce. Biyu, bakwai, sifili, ɗaya. Muryar Uwais na raguwa yana tafiya. Da ya zo kan sifili ukun nan sai da Alhaji ya ce masa, "Ɗaga murya mana." Ya ƙarasa: huɗu, bakwai, sifili, huɗu, biyar.

Baraka ta toshe baki da gyale. Alhaji Gide ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "To ai dama bincike muke. Tanimu tashi, Allah ya wanke ka. A ba shi hularshi."

Ba wanda ya ba shi haƙuri. Tanimu ya miƙe da ƙyar, aka miƙo masa wayar, ya ƙi karɓa. "Ba ni so," ya ce. Baraka ce ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Lawwali ya rufe littafinsa, bayansa na masa zogi. Har ya kai wajen babur sai ya tsaya, ya dawo.

"Malam Uwais, da kalkuletar taka, mutum nawa ka juya wa lamba kafin wannan?"

Uwais ya kalli Alhaji. Alhaji ya kalli ƙasa.

"Huɗu," in ji Uwais. "Biyu 'yan nan ne, ɗaya daga wajen Mairuwa, ɗaya baƙo ne daga Sabuwa."

"Suna ina?"

"An wuce da su."

"Takardunsu fa?"

"Suna cikin fayil. Na kwafe lambobin wayoyin ma."

Lawwali ya dubi rana. Kasuwa ta riga ta ci rabi, masu jiransa a shago sun watse. Ya kafe babur ɗin a inuwa, ya koma ƙasan rumfar inda ya tashi, ya mayar da tabarau, ya miƙa hannu.

"Kawo."

Uwais ya kawo fayil ɗin. Lawwali ya zaro takarda ta farko, ya shimfiɗa ta kan gwiwa, ya ƙirga takwas, ya ja layi.