Saƙon Inna a Kan Kaset ɗin Kwaɗo

Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare a Keffi. Lokacin da gwamnati ke da kuɗin tura malamai kos Ingila, shi ma aka tura shi. Wasu suka dawo da firji da kwat, shi kuwa ya dawo da wata 'yar kwamfuta baƙa da ba ta fi faifan rufe tuwo girma ba. Da talabijin ake jona ta, kuma ba ta riƙe komai a kanta. Da an ɗauke wuta sai ta manta duk abin da aka gaya mata, sai dai wanda aka adana a kaset irin na waƙa.

Ni tafireta nake bugawa a sakatariya, wannan ne ya ja mini. Malam ya rubuta wani wasan kwamfuta a littafinsa: kwaɗo zai tsallake rafi in yaro ya ci lissafi, in ya faɗi kwaɗon ya nutse. Firinsifal ya yi masa alkawari, in wasan ya yi aiki ranar rabon kyaututtuka, zai ba shi ɗaki ya buɗe ajin kwamfuta. To daga la'asar zuwa magariba yana karanto mini layi ina bugawa, bayan na wuni ina bugun na gwamnati. Wata uku muna haka. Yatsuna suka yi tsami, tuwona ya riƙa makara, na tsani kwaɗon nan kamar na san shi.

Saura kwana huɗu a yi rabon kyaututtukan muka gama. Kwaɗo ya tsallake, Malam ya adana a sabon kaset, ya bar shi cikin rikoda don murna.

Mahaifiyarsa, Inna, tare muke zaune. Ba ta rubutu, saboda haka in za ta yi wa ƙaninsa da ke Legas saƙo, magana take yi a kaset, direban mota ya kai. Washegari muna wurin aiki ta kunna rikodar, ta ji wani ƙugi da tsuwa, don kuwa haka kaset ɗin kwamfuta yake a kunnen mutum. Ta ɗauka lalatacce ne.

Da muka dawo ta miƙo shi. "Ga shi, a ba direba. Na sami wani matacce a ciki, na ce kada a yi asarar sabo."

Malam ya karɓi kaset ɗin. Ya shiga ɗaki ya kunna, wai ko wani abu ya tsira. Muryarta ce ta fito. Ta yi gaisuwa, ta ba da labarin ruwa, ta faɗi wanda ya rasu a Garaku. Sannan ta ce, "Yayanka lafiyarsa lau, ina jin muryarsa ta bango. Tun da ya dawo da akwatin nan bai zauna ɗakina ba. Ita ma 'yar nan ta rame, ba ta faɗa ne kawai. Kada ka ce na gaya maka."

Na ji kunya, kuma gaskiya na ji daɗi da wani ya lura.

Littafin yana nan. Da za mu dage, wataƙila mu sake bugawa cikin kwana ukun da suka rage, tunda an riga an gyara kurakuran. Na ɗauko shi ina jiran ya fara karantowa, raina duk a jagule. Ya daɗe yana kallon littafin a hannuna.

"Ajiye," ya ce. "Je ki ɗora tukunya."

Ya cire kaset ɗin ya sa a ambulan, ya rubuta adireshin Legas. Ba a buɗe ajin ba, aka mai da ɗakin sito. Yammacin nan daga murhu ina jiyo shi a ƙofar ɗakin Inna, yana sallama kamar baƙo, har sau biyu kafin ta gane wane ne.