Layun Ganye a Ƙofar Gwaggo Habi

Laraba: Sokode zuwa Dapaong

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga unguwarmu Kpangalam, ni da Yaya Rabi, wadda ke koyar da ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare. Dalilin tafiyar shi ne Gwaggo Habi, ƙanwar babanmu da ke Dapaong. Mako uku ke nan tana tsintar ganyaye naɗaɗɗu a ƙofarta, ƙanana kamar layu. Ta ɗora laifin a kan maƙwabciyarta, Maman Damigu, 'yar ƙabilar Moba, wadda suka yi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ta daina gaishe ta, kuma ta rantse ranar Juma'a sai ta kai ta gaban mai unguwa. Da Yaya ta ga hoton ganyen a waya, cewa kawai ta yi, “Ɗauki jakarki.”

Motar ta cika shida da minti goma, kujera jaka biyar ta sefa. Mun ratsa dutsen Alejo hazo bai tashi ba. Ni dai raina na gaya mini wani dattijo ne ke son Gwaggo ya kasa furtawa, yake ajiye mata saƙo a ganye. Na faɗa wa Yaya. Ta ce, “Littattafan nan sun gama da ke, Bilki.”

Kara, kilomita saba'in da 'yan kai, takwas saura. Muka karya da koliko, wato soyayyar doya, da yaji. Bayan gadar Oti a Mango sojoji suka sauke mu duba kati. Ɗaya ya zaro gilashin ƙara girma daga jakar Yaya.

“Madam, me za a nema da wannan?”

“Ƙwaro.”

“Ku zo barikinmu, kyauta ne.”

Mun shiga Dapaong ɗaya da rabi, kusan kilomita ɗari uku daga gida.

Gwaggo ta tarbe mu da tuwon dawa da miyar zabo, sannan ta kawo wata tsohuwar tukunya. Da muciya ta ɗage murfin. Ganyen sun kai arba'in, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, an toshe bakinsa sama da ƙasa. Yaya ta miƙa hannu, Gwaggo ta buge shi.

“Kul! In kin kwance, kan wa zai faɗa? Bokonki ya tsaya a lakwal, gaban ɗalibanki.”

“To, Gwaggo, ba zan taɓa ba. Ki ba ni safiya ɗaya kawai.”

Alhamis: gindin taramniya

Akwai taramniya a bayan katangar da ta raba gidajen biyu, rassanta sun leƙo ƙofar kowa. Bakwai da rabi muka shimfiɗa tabarma. Gwaggo ta zauna da carbi tana hararar gidan maƙwabciya. Tara saura Yaya ta jawo wani reshe a hankali.

Wata ƙwaruwa ce ja, ba ta kai ƙwayar wake ba, wuyanta dogo. Ta yanka ganyen daga gefe zuwa jijiyar tsakiya, ta ɗan ciji jijiyar, ta jira ya yi laushi. Sai ta ninke shi biyu da ƙafafu, ta fara naɗewa daga tsinin. Tana cikin yi ta huda, ta juya ta ajiye ƙwai ɗaya rawaya, ta ci gaba. Babu zare, babu danƙo.

Yaya ta ce danginsu ɗaya da ƙwaron da ke huda masara a rumbu, amma ƙahonnin na rumbu a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu, na waɗannan a miƙe. A littafi sunansu Attelabidae. Akwai masu dogon wuya irin wannan, akwai gajeru masu ƙaurin ƙafar gaba, akwai kuma 'yan uwansu masu siririn baki da wasunsu toho da 'ya'yan itace suke hudawa. Tsutsar a cikin naɗin za ta ƙyanƙyashe, ta ci ɗakinta har ta rikiɗa.

Na hango wani ƙwaron a gefen ganyen, na ce, “Ga angon can yana gadinta.”

“Gadin kansa yake yi, kada wani namijin ya zo,” in ji Yaya.

Duk da haka ya burge ni. Ita kuwa ƙwaruwar ta ba ni tausayi, tana naɗe ɗan da ba za ta taɓa ganin idonsa ba.

Goma da minti ashirin ta yanke naɗin, ya faɗo daidai bakin tabarma. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauka da hannunta, ta warware, ga ƙwan nan. Ta ce, “Astagfirullah. Miƙo mini mayafina.”

Muka bi ta. Maman Damigu na tsakar gida tana tankaɗe. Gwaggo ta tsaya a gabanta, ta buɗe tafinta. Matar ta duba, ta ja da baya.

“Hajiya, kin kawo mini har ciki kuma?”

“Ƙwaro ne ke yi. Yanzu na gani da idona. Ke na zarga, ki yafe mini.”

Maman Damigu ta ajiye rariya, ta nuna wani tulin toka a bayan murhu.

“Ni ma kullum ina sharewa ina ƙonawa. Na ce ke ce. Har na kai wa fada a coci.”

Suka tsaya kallon juna. Gwaggo ce ta fara dariya, har sai da ta dafa turmi.

“Ni? Da wannan idon da ba ya ganin kafar allura?”

Juma'a: komawa

Mun bar Dapaong shida daidai. Taya ta fashe kusa da Kante, muka yi minti arba'in a bakin hanya muna cin gyaɗa. Mun iso Kpangalam biyu saura, Yaya riƙe da kwalba mai naɗi biyar da za ta nuna wa ɗalibanta. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Gwaggo saboda zabo, da Maman Damigu da ta rako mu har tasha.