Katangar da Ta Ɓace Daga Kan Tanki

A unguwarmu ta dā, kowa ya san Mai Fenti. Dogo ne siriri, farcensa ba ya rabuwa da launi, kuma layin da ya ja a bango ko zare bai fi shi miƙewa ba. Shi ake kira idan tankin ruwan gari ya yi tsatsa, dogon nan na bayan tashar jirgin ƙasa, domin sauran masu fenti da sun ɗaga kai sun dubi tsaninsa sai su tuna suna da ciwon baya.

Aibinsa ɗaya ne: ba ya yafe karkata, a bango ko a mutum.

Ƙanensa Tela gajere ne mai tumbi da yawan dariya. Gidan mahaifinsu suka raba biyu, katanga a tsakani. Wata shekara katangar ta faɗi Mai Fenti yana aiki a wani gari, Tela ya sa aka sake gina ta. Da yayan ya dawo sai ya tarar ta shigo masa da taki guda, kuma itacen lemon da mahaifinsu ya dasa ya koma ɓangaren Tela. Ya daina amsa gaisuwar ƙanensa, ya hana yaransa shiga can, ya rantse sai alƙali ya raba su.

Ni ina koyarwa a lokacin, gidana yana kallon nasu. Wata la'asar a farkon damina Mai Fenti ya tsaya a ƙofata, Tela na biye.

"Malam, zo ka yi shaida. A ƙasa kowa yana iya musu. Mu hau tanki, daga can za ku ga yadda katangar nan ta lanƙwashe kamar lauje."

Tela ya ce, "Haba Yaya! Ni ko kujera zan hau in canja ƙwan lantarki sai na bar wasiyya."

"To, sai mu haɗu gaban alƙali."

Tela ya cire takalmi. Yana hawa yana salati, Mai Fenti yana binsa a baya yana cewa, "Tura tumbin gaba, sauran zai biyo."

Da muka kai sama muka riƙe ƙarfen da ya kewaye tankin, Mai Fenti ya miƙa yatsa zai nuna gidansu. Yatsan ya tsaya a iska.

A makaranta an nuna mana taswira, an juya mana ƙwallon duniya, amma ba wanda ya gaya mini faɗinta ya kai haka. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ruwa yana tafiya a kan gonaki kamar labulen da ake ja. Ta yamma rana ta huda gajimare ta sauka a kan kogi, ya yi fari fat. Shirwa suna shawagi a ƙarƙashinmu. Ran nan na fara ganin bayan tsuntsu yana cikin tashi. Garin duka, da kasuwarsa da maƙabartarsa, bai fi tabarma ba. Mai Fenti ya sha hawa nan, amma kullum fuskarsa na kan ƙarfen da yake gogewa. Bai taɓa juyowa ba.

Muka shagala da kallo, har Tela ya manta da tsoro ya saki hannu ɗaya.

Can ya ce a hankali, "Yaya, ni na ce wa magini ya matsar da ita. Lemon nake so. A ƙarƙashinsa Baba yake zama yana ɗinki, in zura masa zare a allura."

Mai Fenti bai ɗauke ido daga hadarin ba. "Ina ma katangar take? Tun ɗazu nake nemanta."

"Gobe zan rushe ta."

"Ka taɓa ta ka gani! Katangar da ta tsaya da ƙafarta?"

"Haƙƙinka ne, Yaya."

"Na ce a bar ta. Kai tun kana yaro ba ka jin magana."

Sai ga sabuwar rigima, wannan yana rantsuwa sai ya mayar, wancan yana rantsuwa ba ya karɓa, har yayyafi ya kore mu. Saukar ta fi hawan wuya: Mai Fenti ne a ƙasa, yana ɗora ƙafar ƙanensa a kan kowane mataki.

Ba a je wurin alƙali ba, ba a kuma rushe katangar ba. Ƙofa suka fasa a jikinta daidai gindin lemon, Mai Fenti ya shafe ta da shuɗi.

Kada a ce halinsa ya sake gaba ɗaya. Har ya tsufa, in ya ga an rataye hoto a karkace sai ya tashi ya gyara, ko a gidan suruki ne. Amma idan faɗansa ya yi tsawo, matarsa takan leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, ko za ka je ka duba tanki?" Sai ya yi tsaki, ya ɗauki kujerarsa, ya bi ta shuɗiyar ƙofar ya zauna a ƙarƙashin lemon, inda keken ɗinkin Tela yake ƙara.