Madam ta Ƙarfe da Madam ta Kara

Ban taɓa mantawa da ranar da Kafaran Sanda ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama gaban dukan mutanen Ollelewa ba. Ku sababbin da aka kawo aikin rijiya kun dame ni da tambayar inda na samo jar hular nan da ke rufe mini ido, to ku matso ku ji, don labarin hular da na ƙafar duk ɗaya ne.

Sai kun san yadda aikin yake kafin ku gane. Wanda ke sama da kowa shi ne kumandan, Banasaren da ke barikin Tanut, ba a ganinsa sai ya fito rangadi. Ƙarƙashinsa sai kafaran, mai tsaron aiki da bulala. Sai masu haƙa da ke can ƙasa cikin rami, sai masu zubar da ƙasa a sama. Kowane gida yakan ba da mutum ɗaya idan maigari ya yi kira. A gidanmu ni Habu aka bayar, don babana ya ce a gona ba abin da nake nomawa sai surutu.

Kafin zuwana, sa ne ke fid da ƙasa daga rami. Wani baƙin bijimi ne mai suna Ɓaleri, na Baba Ari, tsoho mai nauyin kunne. A ɗaura masa igiya, ya yi gaba, guga ya hau cike da ƙasa, san ya juyo, guga ya koma. Ana nan sai aka kawo mashin daga Damagaram gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, wai shi zai riƙa naɗe igiyar a jikin wata gangar ƙarfe, a huta da sa. Banasaren da ya haɗa shi bai daɗe ba zazzaɓi ya kore shi, ya bar wa Kafaran Sanda.

Shi Sanda ɗan ƙasar nan ne, a wajen Belbeji aka yanke masa cibiya, amma tun da ya ƙetare teku ya je yaƙin Nasara ya dawo, sai ya riƙa kallon fura kamar bai taɓa ganinta ba. Ya sa wa mashin suna Madam, ya ce ita da matar kumandan darajarsu ɗaya. Ya sa aka yi mata rumfa, mu muna gasuwa a rana. Tsumman da yake goge ta da shi ya fi rigar babana kyau. Ni aikina in zuba mata ruwa in ta yi zafi, in kuma murɗa hannunta har ta tashi, kuma ya gargaɗe ni kada in kuskura in yi tusa kusa da ita.

Tashin Madam kuwa kullum salonsa ɗaya. Kafaran zai cire jar hularsa ya rataye a ginshiƙin rumfa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya ya yi mata Faransanci a kunne. Ni in murɗa har hanjina ya nemi fitowa. Sai ta yi tari irin na tsohuwar da taba ta shaƙe, ta saki hayaƙin da ke sa angulu canza hanya, ta yi wata ƙara da raƙuman Buzaye ke tsinke dabaibayi tun daga Tenhya, sannan ta yi ɗif. Sai lallashi, sai zagi, sai ya ɗaga takalminsa na soja ya zabga mata shuri. Daga nan ya juya baya kamar ba shi ke magana ba, ya ce a kawo Ɓaleri. Baba Ari ba ya jin kiran ma, ƙafar kawai yake kallo, da ta tashi sama sai ya kwanto sansa.

Da aka gama yankan gero sai lokacin wasan kara ya zo. Ku da kuka zo daga nesa, wasa ne da samari ke yi da karan gero, mu ƙera bindigogi da dawakai da huluna, mu kwaikwayi manyan gari. Maigari bai tsira ba, alƙali bai tsira ba, limami ma akan ɗan taɓa shi da ladabi. Ƙa'idarsa tun kakanni ita ce wanda aka kwaikwaya ba ya fushi. Za a je ƙofar gidansa a yi masa a idonsa, ya yi dariya ko da ta ciwon ciki ce, ya ba da tukuici.

Ni da abokina Ilu muka ƙera Madam ta kara, har ta fi ta ƙarfen kyau. Na shiga cikinta da gora mai tsakuwa da kaskon kashin shanu mai hayaƙi. Ilu ya kifa jar ƙwarya a ka, ya zura ƙafafunsa cikin gyandama, ya zama kafaran. Faransancinsa kuwa ko aljani ba zai gane ba. Yara biyu suka lulluɓa da baƙin zane suka zama Ɓaleri. Da la'asar muka fita dandali. Da Ilu ya ɗaga ƙafa sai 'yan mata suka ɗauki tafi da kansu, suna cewa shure ta Kafaran, shure ta, a kawo Ɓaleri. Wata tsohuwa ta yi dariya har haƙorinta na ƙarshe ya faɗo, jikokinta suka yi ta nema cikin yashi. Ranar kasuwa muka sake, mutanen Falanko suka koma gida da waƙar a baki.

Bisa al'ada muka ɗauki kayanmu muka je ƙofar kafaran. Ya tsaya ya kalla har ƙarshe fuskarsa kamar gindin tukunya. Ya ce shi wanda ya ga manyan biranen Nasara ba ruwansa da shashancin ƙauyawa. Sannan ya leƙo cikin karan, muka haɗa ido ta cikin hayaƙi.

"Kai ne a ciki, ɗan Malam Idi? Kumandan na nan tafe, zai ɗebi samari zuwa aikin hanyar Agadas. Kai zan fara nunawa."

Nan dariya ta ƙare mini. Kun san hanyar nan, fasa dutse ne cikin rana, ruwan sha da awo. Ɗan kawuna da ya je ya dawo ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bayan zana, wasu kuwa labarinsu kawai ya dawo. Innata ta kama zakaranta mafi ƙiba ta dafa ta kai wa kafaran a akushi, ta durƙusa ta ce yaro ne, ya yi haƙuri. Ya cinye zakaran har ƙashi, ya aiko da akushi da saƙon cewa maganarsa tana nan. Babana ya ce ai ga inda noman surutu ke kai mutum, amma na ga shi ma ya bar tuwonsa.

Ranar da kumandan ya iso, tun da sassafe kafaran ke goge Madam, ya goge maɓallan rigarsa, ya shafa wa gashin bakinsa man shanu. Aka kafa wa Banasare kujerar naɗi a inuwa, tafintansa a tsaye gefe, maigari a kan buzu. Gari kaf ya taru, har makafi an jawo. Ni ina riƙe da hannun mashin.

Kafaran ya cire hula ya rataye. Sai dariya ta kuɓuce wa wani a baya. Ya tofa yawu a tafinsa, sai yaran da ke zaune a gaba duk suka tofa a nasu. Ya sunkuya zai yi mata Faransanci, sai tsofaffin mata suka riga shi da na Ilu. Wallahi na murɗa da gaskiya, don a ranar ba wanda ya kai ni son ta tashi. Ta yi tari, jama'a suka yi tari. Ta saki hayaƙi, ta yi ƙararta, ta mutu. Ya lallashe ta, ya zage ta, gumi na ɗiga daga gashin baki. Ina kallonsa ina roƙon Allah a zuci kada ya yi, amma ƙafa ta saba. Ta tashi sama.

'Yan mata suka ɗauki tafi.

Ya daskare a wurin. In ya shura, ya ƙarasa mana wasa da kansa. In ya sauke, kowa ya san dalili. Ya tsaya kamar zalɓe a bakin tabki, ga hannaye a buɗe yana layi. Can sai ga Baba Ari, wanda bai ji tafi ba bai ji waƙa ba, ƙafa kawai ya hango, ya ratso taro da Ɓaleri a ɗaure da igiya, ya tsaya gaban kumandan yana jiran a ba shi hanya.

Banasare ya tambayi tafinta yadda aka yi dukan gari suka san abin da zai faru tun bai faru ba. Maigari ya yi bayani. Sai Banasaren ya ce a kawo ta karan ya gani. Muka jera su gefe da gefe, na shiga tawa, Ilu ya kifa ƙwaryarsa. Ban taɓa yin tari mai kyau irin na ranar ba, don raina nake tarin fansa. Kumandan ya yi dariya har kujerar ta naɗe da shi a ciki, aka ɓamɓaro shi yana hawaye.

Kafaran ya ƙame, ya sara, ya shiga zuba Faransanci yana nuna ni da yatsa. Ba sai an fassara mini ba. Maigari ya matsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a wajenmu wanda aka yi wa wasan kara ba ya hukunci. Tukuici yake bayarwa, kuma shi bai bayar ba."

Kumandan ya ce al'ada ce mai kyau. Sannan ya tambaya ko shi ma ana kwaikwayonsa. Maigari ya dafa ƙirji ya ce wa ya isa. Ni kuwa cikin kara na toshe baki, don makon da ya wuce ni ne kumandan, da toka a fuska da hancin kara mai tsawon kamu guda. Banasaren ya gyaɗa kai da jin daɗi, ya miƙa sandarsa ya ciro jar hular daga ginshiƙi, ya ɗora mini a ka. Ya ce in bikinsu na damina ya zo yana son a kai masa wasan nan Tanut baƙinsa su gani, saboda haka yaron cikin kara ba ya zuwa ko'ina.

Kada ku ce tausayina ya ji. Da zai tafi ya ɗebi samarinsa kamar yadda ya zo yi, ni kawai ya tsallake, don ina ba shi dariya. Kafaran kuwa ya bi bayan dokin kumandan da kai a buɗe yana rantsuwar cewa man da aka aiko ne ba shi da kyau.

Ga Madam can a rumfarta, kaji na yin ƙwai ƙarƙashinta, kafaran ya bar goge ta, ya bar shurinta. Rijiyar da kuke sha kuwa Ɓaleri ne ya fid da ƙasarta har aka tarar da ruwa, ba wanda ya yi masa rumfa. Abin da na koya a aikin nan, in an ɗaura igiyar da ɗan'uwanka ke ƙarƙashinta, ka duba a ɗaura ta ga abin da ke cin ciyawa. Manya kuma suna son wasa matuƙar da na ƙasa da su ake yi. Shi ya sa hular take kaina kowa na gani, hancin karan kuwa yana can ƙasan rumbun innata, gero ya danne shi.