Damina ta Bakwai

Yayana ya dawo hutu daga jami'a a Zariya da gemu, da hula mai jan tauraro, da kwali cike da ƙananan littattafan ƙasar Sin. Mu a gidanmu na Rikoto a Zuru, abin da muka sani game da Sin bai wuce kwanon sha ba. Shi kuwa ya ce can manoma ne suka taso daga ƙauye suka ci birni, suka tsayar da masu gonaki a fili, kowa ya faɗa musu laifinsu ido da ido. Mutumin da bai taɓa gama kunya ɗaya ba tare da ya nemi inuwa ba, wai shi ne ya zo 'yantar da manoma.

A lokacin saurayina yana damina ta shida a golmo. Al'adarmu ce: mai son yarinya ya yi wa ubanta noma damina bakwai, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Ni na zaɓe shi da kaina, kuma na fi shi ƙosawa. Saura ɗaya.

Yayana ya ce golmo bauta ce, Baba kuma azzalumin mai gona ne. Baba fa, tsohon soja mai gona biyu da awaki biyar. Yayana ya riƙa tara 'yan golmo a gindin ɗorawa yana karanta musu. Sauran dai, burkutun da yake saya musu ne ke kawo su. Saurayina kaɗai ya ɗauki abin da gaske, don bai taɓa shiga aji ba, kuma yana son ya burge yayan matar da zai aura. Wannan wautar tasa har yau tana ba ni haushi da tausayi.

Ranar noman dawa, da hantsi, na kai musu kunu gona. Na tarar sun yar da garemani, sun kewaye Baba, masu wucewa kasuwa sun tsaya kallo. Yayana ya yago gefen kwalin littattafansa, ya rubuta "mai shan jinin talaka", ya rataya wa ubansa a wuya. Sannan ya tura saurayina gaba.

"Baba," in ji saurayina, "shekara shida kana cin gumina."

"Ba Baba za ka ce ba," in ji yayana. "Kira shi da sunanshi."

Ya kira. Sunan da ko mahaifiyarmu ba ta taɓa furtawa a gabanmu ba, ya kira shi gatsal, har wani cikin 'yan kallo ya yi dariya.

Baba ya cire kwalin a hankali, ya ninke, ya sa a aljihu. "Yaron ga ya faɗi gaskiya," ya ce. "Na 'yanta shi. Kar ya ƙara taka gonata, kar ya ƙara taka gidana." Ya juyo gare ni. "Ke kuma zuba musu kunu, sun yi aiki."

Na zuba. Ba wanda ya sha sai yayana.

Dattawa sun roƙa, fasto ya roƙa, Baba bai tanƙwaru ba. Saurayina ya je wa yayana da hawaye, yayana ya ce masa juyin juya hali dole ya ci wasu. Hutu na ƙarewa ya koma Zariya. Saurayina ya shiga soja, ya yi aure a bariki. Ni ma daga baya na auri wani, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa.

Yanzu yayana ya yi ritaya, ya aske gemu, ya yi tumbi, yana da gida a Abuja. Bara aka zo neman 'yarsa. Ya dage sai saurayin ya kawo abokansa Zuru sun yi golmon yini ɗaya a gonar marigayi Baba, a ɗauka a waya, wai al'ada ba abin wasa ba ce. Ya bugo mini yana dariya, in zo in dama kunu, tunda ni na fi kowa sanin yadda ake yi.

Na ce masa na damina shida na iya. Na bakwai ban taɓa damawa ba.