Ƙarar da Talal Ya Manta

Duk wanda ya zauna a unguwar kan dutsen nan kafin a rushe ta ya san Mukhtaru mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A nan aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina bayan ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. Idan zafin Makka ya tsananta, wayarsa ba ta hutawa. Babu irin shigga, wato sashen haya a gidan bene, da bai shiga ya yi gyara ba, daga unguwar Rusaifa har Shisha, amma shi kansa bai taɓa kama hayar ko ɗaki ɗaya ba.

Sai rusau ya zo. Aka shafa jan fenti a bangon gidajen, aka ba da wa'adi, maƙwabtan da suka tashi tare kowa ya kama gabansa. Mukhtaru ya kwashi matarsa Ɗaso da 'yarsu Shahad suka sauka gidan Abdulganiyyu, yayan Ɗaso, a Rusaifa, da sunan kwana kaɗan. Aka ba su falon baƙi. Kayansu kuwa aka jibge a saman bene, aka rufe da tamfol.

Bai daɗe yana nema ba ya samu shigga a Ka'akiyya, hawa na farko, daidai da gwiwar Ɗaso da ba ta son matakala. Ɗaso har ta auna tagogi don labule. Ranar rubuta yarjejeniya ya sa farar riga, ya je ofishin dillalin gidaje. Saurayin da ke kan tebur ya karɓi katin shaidarsa, ya shigar da lambar a kwamfuta. Ya sake shigarwa.

“Ya ammi,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, “akwai ta'amim a kanka.”

“A kan wa?”

“A kanka. Kotu na nemanka. An tsayar da harkokinka, yarjejeniyar ba za ta wuce ba.”

Mukhtaru ya yi dariya. Shi da ko fitilar hanya ba ya tsallakewa! Ya ce kuskure ne, ya karɓi katinsa ya tafi wani ofishin. Can ma haka. A Shisha mai ofishin har ya zuba masa gahawa, amma da ya dubi allon sai ya ja kujerarsa baya, ya ce gidan an riga an bayar. Wannan jan kujerar ya fi komai tsaya wa Mukhtaru a rai.

Wani mai gida ya ce ya shigo kawai, babu takarda, magana ta isa. Ɗaso ta ƙi.

“Ranar da ya ga dama ya watso mana kaya titi, wa za mu kai wa kuka? An fitar da ni sau ɗaya, ya isa. Malam, ka je ka ji abin da suke nema.”

Ya tafi kotun da ƙafarsa, da 'yar jakar tufafi a mota, don bai san ko zai dawo gida ba. Ba a tsare shi ba. Bayan an yi ta tura shi daga wannan taga zuwa waccan, wani ma'aikaci ya karanta masa sunan mai ƙara: Talal.

Mukhtaru ya dafe kai. Talal maƙwabcinsa ne a kan dutse. Shekarun baya sun taɓa faɗa a kan tankar ruwa, wa za a fara zuba wa. Talal ya ja tiyo, Mukhtaru ya ja, Talal ya zame ya gurɗe hannu, cikin fushi ya je ya kai ƙara. Kafin Juma'a dattawan unguwa sun zaunar da su, suka ci shinkafa a faranti ɗaya, magana ta mutu. Bayan nan ma Mukhtaru ne ya ɗauki makarar mahaifin Talal. Ashe Talal bai taɓa komawa ya janye ba. Sammaci ya yi ta zuwa tsohuwar lambar wayar da Mukhtaru ya daina amfani da ita, ba a gan shi ba, aka ba da umarnin a kawo shi.

“Ai mun shirya tuntuni,” in ji Mukhtaru.

“Mu ba mu gani a nan ba,” in ji ma'aikacin. “Ka kawo shi ya sa hannu ya janye, ko ka jira a sa ranar zama.”

To, ina Talal? Lambarsa ba ta shiga. Unguwar da za a tambaya ta zama fili. Mukhtaru ya koma bin ɗaurin aure da zaman makoki na tsofaffin maƙwabta, yana gaisuwa yana cigiya. Wani ya ce Jidda, wani ya ce Ɗa'ifa. A ƙarshe wani mai tsire ya ce ai Talal yana nan Shisha, yana tuƙa motar 'yan makaranta.

Talal na ganinsa ya rungume shi. Da ya ji abin da ya kawo shi, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

“Wallahi na manta! Tankar ruwa? Ya sheikh, wannan ai ba komai ba ne. Gobe-goben nan.”

Gobe ta yi, Talal bai zo ba, wai mota ta lalace. Wata goben kuma surukarsa ce a asibiti. Kuma kullum da fara'arsa, ba ya ganin laifi. Ranar da haƙuri ya ƙare, Mukhtaru ya ajiye aikinsa, ya tsaya a ƙofar gidan Talal har ya dawo daga kai yara, ya buɗe masa ƙofar mota. Suka je, Talal ya sa hannu.

Mukhtaru ya ɗauka shi ke nan. Aka ce masa a'a, sai janyewar ta bi hanyarta ta sauka a na'ura. Yaushe? Ya dai riƙa dubawa. Kafin nan shiggar Ka'akiyya ta tafi hannun wani.

A gidan Abdulganiyyu babu wanda ya taɓa ɓata musu fuska, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Wata rana ya dawo da la'asar ya tarar Abdulganiyyu ya shimfiɗa wa baƙinsa darduma a gareji, kusa da tayar mota, don su Mukhtaru ne a falon. Mukhtaru ya gaishe su, ya wuce ciki kansa a ƙasa.

Shahad, wadda ke aiki a wani kantin magani, ta riga ta taɓa kawo shawarar a kama haya da sunanta, ya daka mata tsawa. Ran nan shi ya kira ta.

“Maganar nan taki. Har yanzu tana nan?”

“Tana nan, Baba.”

Suka samu wata shiggar, ita ma a Ka'akiyya, hawa na uku, babu lif. A ofis dillali ya juya allon wajen Shahad, ya riƙa yi mata bayanin sharuɗɗa da Larabci tana amsawa. Mukhtaru na zaune gefe, babu wanda ya tambaye shi komai. Da aka miƙa mata makulli, sai da suka fito waje ta sa masa a hannu. Bai ce ya gode ba, bai ce ta riƙe ba, ya jefa a aljihu.

Sun riga sun tare, har an saba da maƙwabta, sannan saƙo ya shigo wayarsa cewa an ɗage ta'amim ɗin. Shahad ta karanta masa, ta ce in yana so a je a mayar da yarjejeniyar sunansa.

“A sake shigar da lambata a gaban wani yaro ina kallon fuskarsa?” in ji Mukhtaru. “Bar shi haka. Zuba min shayi.”